Bosho a wayar salula: yadda za a rage cinikin biri a sama

Dila ta ƙara tsada tun da hanyar Kwatano ta rufe, kayan da ke cikinta kuma sun rage kyau. Ƴan bosho da dama a Maraɗi, Damagaram, Tahoua da Yamai sun koma neman masu saye ta WhatsApp, Facebook da TikTok. Sai dai tallan da ake sakawa ba kasafai yake gaya wa mai saye abin da yake bukatar sani kafin ya aika kuɗinsa ba, kuma ta wannan ƙofar ce riba take zurarewa.

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, kasuwar bosho takan farka. Iyaye suna neman rigunan sanyi na yaran da ke fita lakwal da sassafe, ƴan kabu-kabu suna neman manyan riguna masu tare iska, masu gadi suna neman bargo. A Kasuwar Dole ta Damagaram, a babbar kasuwar Maraɗi, ko a Katako da Wadata na Yamai, tsarin cinikin sananne ne: a kwance dila, a zube kaya a kan tabarma, mai saye ya durƙusa ya tona, ya ɗaga riga ya duba ta a hasken rana, ya ja ɗinki, ya gwada zip, sannan ya taya.

A ƴan shekarun nan wata kasuwar ta biyu ta kafu a gefen wannan, ba rumfa ba tebur. Matar aure ce a cikin gidanta, ko ɗalibar jami'a, ko yaron shago, za su zaɓo kaya masu kyau ranar da aka buɗe dila, su wanke, su goge, su ɗauki hoto su saka a «statut» na WhatsApp ko a wani zauren Facebook. Mai saye a Agadas ko Diffa yana iya ganin rigar da ke rataye a wani ɗaki na Maraɗi, ya aika kuɗi ta Nita ko Amana, a sako masa kayansa a motar safa. Babu tonawa, babu taɓawa. Duk abin da ya sani game da rigar shi ne abin da mai tallan ya ga damar nuna masa.

Hanya ta yi nisa, dila ta yi nauyi

Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, mafi yawan hajar da Nijar ke shigowa da ita ta teku tana sauka ne a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta biyo hanyar da ta ɗan haura kilomita 1,000, ta tsallako gadar Malanville zuwa Gaya. Takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba a ƙarshen Yulin shekarar ya tsayar da wannan zirga-zirga. An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyaka da Najeriya ta sake buɗewa a watan Maris, amma hukumomin Yamai sun bar iyaka da Benin a rufe bisa dalilan tsaro. Manyan motoci suka koma lodi a Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori, su shigo ta Tera cikin ayari da rakiyar sojoji. Jiran ayari kaɗai yana cin makonni, kuma kowace rana ta jira kuɗi ce da ake ɗorawa a kan kaya. A watan Maris na 2025 ƙasashen AES suka ƙara harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan hajar da ke shigowa daga wajen ƙawancen. Ga wanda ke Maraɗi ko Damagaram, bayan duk wannan akwai sauran ɗaruruwan kilomitoci daga Yamai kafin dila ta iso rumfarsa.

Ta ɓangaren kudu ma lissafi ya canza. Najeriya ta daɗe da sanya tufafin gwanjo cikin jerin kayan da ta haramta shigowa da su, abin da ya sa shekara da shekaru wani kaso na bosho da ke sauka a Maraɗi ko Birnin Konni yake ƙarasawa kasuwannin Katsina, Sakkwato da Kano ta hanyoyin da kowa ya sani. Tun da gwamnatin Abuja ta saki naira a watan Yunin 2023 darajarta ta faɗi warwas, alhali sefa tana nan ɗaure da yuro a kan 655.957. Ɗan kasuwar Kano da zai sayi kaya da sefa yanzu sai ya tattaro naira mai yawa fiye da da. Abokin cinikin da ke kwashe kaya da yawa a lokaci guda ya rage ƙarfi, sai ƴan bosho suka ƙara dogaro da mai sayen ɗaiɗai na cikin gida. Shi kuma aljihunsa sananne ne: mafi ƙarancin albashi a hukumance jika 42 ne a wata, kuma mafi yawan ƴan ƙasa ba ma su cikin masu albashi.

Abin da ke cikin dilar ma ya canza

Tsada ɗaya ce daga cikin matsalolin. Ta biyu tana farawa ne tun daga Turai. A da, wanda ya gaji da rigarsa mai kyau a Faransa yakan jefa ta cikin akwatin tattara tufafi na bakin titi, masu tantancewa su ware ta cikin abin da suke kira «crème», wani kaso ya shiga dilolin da ake aikowa Afirka. Yanzu rigar mai kyau ba ta cika isa akwatin ba. Mai ita yakan ɗauki hotonta ya sayar a Vinted, dandalin da aka kafa a ƙasar Lituwaniya a 2008, wanda a farkon 2025 cibiyar nazarin tufafi ta Faransa, IFM, ta sanya shi a gaban Amazon da Kiabi wajen yawan tufafin da ake saye a ƙasar. Abin da ke rage wa akwati shi ne tarin kayan yayi masu araha, irin na Shein da makamantansu, waɗanda wanki kaɗan ke kashewa.

Masu tantancewar da kansu suna kuka. A watan Yulin 2025 ƙungiyar Le Relais, babbar mai tattara tsofaffin tufafi a Faransa, wadda ke da cibiyar tantancewa a Koudougou ta Burkina Faso, ta dakatar da kwashe kaya na wasu kwanaki, tana cewa yuro 156 da ake biyan ta a kan kowane tan ba ya riƙe aikin. A Accra, inda kasuwar Kantamanto ta ƙone a farkon Janairun 2025, gidauniyar Or ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 40 cikin ɗari na tufafin da ke shiga kasuwar suna fita ne a matsayin shara. Masu shigo da kaya suna musun wannan adadi, amma duk wanda ya saba kwance dila ya san cewa tarin da ake turewa gefe yana ƙara tsawo.

Abin lura a nan shi ne, ingantaccen talla na intanet a Turai yana cikin dalilan da suka rage wa dilar Maraɗi kyau. Makamin da ya kwashe mata kayan farko shi ne kuma ya rage wa ɗan bosho na nan ya koyi riƙewa.

Lissafin dila guda

Dila takan zo da nauyin kilo 45 ko 55, a matse cikin leda, an ɗaure ta da ƙarfe ko igiyar roba. A jikinta an rubuta nau'in kaya da darajarsu, amma ba a buɗe wa mai saye, kuma ba a mayarwa. Ɗan bosho da kansa cinikin biri a sama yake yi da babban dila.

A ɗauki misali, don lissafi kawai. Mace ta sayi dilar rigunan yara a kan jika 150, ta samu guda 200 a ciki. Talatin sun fito kamar sababbi, ɗari matsakaita ne, saba'in kuma masu tabo ne ko sun koɗe. Idan ta sayar da saba'in ɗin a kan sefa 250 kowace, ta samu 17,500. Matsakaitan a kan 750 sun ba ta 75,000. Jimilla 92,500, saura 57,500 kafin uwar kuɗi ta dawo. Wannan gibin, da duk ribar da take fata, suna rataye ne a kan riguna talatin kacal. In ta sayar da su jika uku-uku, ta tashi da ribar 32,500, kafin a cire kuɗin sabulu, guga, kiredin waya da ɗan aike. Idan biyar daga cikinsu suka kwana a hannunta har sanyi ya wuce, ko aka dawo mata da su cikin rigima, kusan rabin ribar ya tafi.

Waɗannan talatin ɗin su ne ake kai wa waya, domin a tabarmar kasuwa ba kowa zai biya jika uku ba. Mai iya biya yana ofis, ko yana wani gari, ko kuma mace ce da ba za ta so a gan ta durƙushe a gaban tulin bosho ba. Ma'ana, tallan da ake sakawa a gurguje tsakanin girki da sallar la'asar shi ne ke ɗauke da ribar dilar gaba ɗaya.

Hoto a madadin hannu

Talla na yau da kullum a zaurukan WhatsApp yakan kasance hoto ɗaya, an ɗauke shi da dare a ƙarƙashin fitila, riga a yashe kan gado mai zanen furanni, a ƙasa an rubuta «disponible» ko «akwai». Ba farashi, ba awo. Daga nan sai saƙonni su fara shigowa: «Hajiya, nawa ne?», «Anti, zai shiga ɗan shekara shida?», «Baƙi ne ko shuɗi?». Mai kaya za ta amsa tambaya guda sau ashirin, kiredi yana ƙarewa, kuma mafi yawan masu tambayar sun wuce kafin amsa ta iso.

Gyaran wannan bai bukatar sabuwar waya. Hasken safe ko na yamma a inuwar zaure ya fi kowace fitila nuna launi na gaskiya, ranar tsaka kuma takan wanke launi ta sa baƙi ya koma toka-toka. Farin bango ko farin zanen gado ya isa a rataye riga a kai. Hoto huɗu ne ke yin aikin da hannun mai saye yake yi a kasuwa: gaba, baya, tambarin wuya tare da takardar da ke nuna irin zaren, sai kuma hoton kusa na inda tufa ke fara mutuwa, wato wuya, hammata, gwiwa ko zip. Tace hoto da manhajar ƙara haske yana jawo kallo, amma shi ne kan gaba wajen haddasa rigimar «ba wannan na gani ba».

Awo ya fi hoto muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Dila guda tana iya haɗa kaya daga ƙasashe biyar, kowace da lambarta. Rigar mata mai lamba 38 a Faransa ita ce 36 a Jamus, 42 a Italiya, 10 a Ingila. Harafin L na rigar da aka ɗinka don kasuwar Sin bai kai L na Amurka ba. Lambar 32 a wandon jins inci ne, kimanin santimita 81. A kayan yara na Turai sau da yawa lambar tsayin yaron ce: 104 na kusan ɗan shekara huɗu, 128 na kusan ɗan shekara takwas. Ban da haka, tufar da aka sha wankewa ta riga ta tsuke ko ta saki. Mafita tana hannun kowane tela: a shimfiɗa riga, a ɗora mitar awo daga hammata zuwa hammata, daga kafaɗa zuwa ƙasa, a ɗauki hoton da mitar a kai. A wando a auna ƙugu da tsawon ƙafa. Mai saye sai ya auna wata rigar da ke yi masa daidai a gida ya kwatanta. Wanda bai iya karatun boko ba ma yana gane lamba a jikin mita.

Wannan batu na karatu ba ƙarami ba ne. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na manya a Nijar ke iya karatu da rubutu, shi ya sa saƙon murya ya zama harshen ciniki a waya. Talla mai amfani yakan haɗa biyun: gajeren rubutu mai sunan kaya, awo, farashi da gari, sannan murya ta rabin minti da ke faɗin haka da Hausa, ko da Zabarmanci ga abokan cinikin Yamai da Dosso. A Facebook, inda mutane ke laluben kaya ta hanyar rubuta suna, tallan da ya ce «rigar sanyi ta yaro, blouson enfant, shekara 6, Maraɗi» zai bayyana ga mai nema, wanda ya ce «sabon kaya ya iso» kuwa ba zai bayyana ga kowa ba.

Sai tsari. «Statut» yana gogewa bayan awa 24, ya tafi da duk wahalar da aka sha. Manhajar WhatsApp Business, wadda kyauta ce, tun 2019 tana da kundin kaya inda ake jera hoto, farashi da bayani su zauna. Ba kowace riga lamba, a rubuta ta a hoto da kuma jikin ledarta, yana hana a aika wa mutum kayan wani. Cire abin da aka sayar nan take yana hana mutum biyu su biya kuɗin riga ɗaya, domin a bosho kowace riga tilo ce.

Tabon da aka nuna da tabon da aka ɓoye

Inda ƴan kasuwa suka fi jan ƙafa shi ne bayyana aibi. Hujjarsu ba ta banza ba ce: wanda ya nuna ɗan tabo a hannun riga zai sayar da ita ƙasa da maƙwabcin da ya naɗe hannun ya ɓoye. A ciniki guda, mai ɓoyewa ne ke cin riba.

Sai dai kasuwar waya ba ta baƙi ba ce. Masu kallon «statut» mutane ne da ke da lambar mai kaya, ita ma tana da tasu: ƴan unguwa, abokan aiki, dangin miji, ƙawayen ƙawaye. A tabarmar kasuwa wanda aka cuta yakan yi gunaguni ya tafi. A waya yakan ɗauki hoton tabon, ya haɗa da hoton tallan, ya tura zauren mata ɗari biyu na unguwa ko na ma'aikata. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a WhatsApp kuma ya fi ƙurewa da wuri. Rangwamen sefa 500 da aka yi saboda tabon da aka nuna ya fi sauƙi a kan rasa gidan da ke sayen kayan yara huɗu kowace shekara.

Haka batun farashi. Masu ƙin rubuta shi suna cewa ciniki sai da tayi, kuma abokan hamayya za su gani su karya. Gaskiya ne tayi al'ada ce, kuma ba abin da ya hana a rubuta farashi a bar ƙofar ragi kaɗan. Amma mai saye na waya yana duba talla goma cikin minti guda, da kiredin da ya saya da guminsa. Tallan da ba farashi yana sa shi zargin cewa za a duba hotonsa ne a yanka masa kuɗi daidai da shigarsa. Abokin hamayya kuwa, in yana son sanin farashi, ƙanwarsa zai sa ta tambaya.

Malaman zaure sun riga kowa

Wannan muhawara ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin fiƙihun Malikiyya na ƙarni na 10 da ake karantawa a zaurukan malamai daga Damagaram har Tahoua, ta yi magana a kan sayar da abin da ba ya gaban mai saye. Ta halatta shi bisa sharaɗin a siffanta kayan. Ta halatta sayen abin da ke cikin ƙunshi a rufe idan akwai takardar da ta fayyace abin da ke ciki. Ta hana sayen tufar da ba a warware ba kuma ba a siffanta ba, haka ma cinikinta cikin duhun da ba a iya dubawa. Ta hana ɓoye aibi, ta kuma ba wanda ya tarar da aibin da aka ɓoye masa zaɓin riƙewa ko mayarwa. Har batun biya kafin karɓa ta taɓo, inda ta taƙaita sharɗanta shi ga kayan da ke kusa ko waɗanda ba a fargabar su canza.

Wanda ya ɗora waɗannan hukunce-hukunce a kan hoton da aka ɗauka cikin duhu, ba awo ba bayani, zai ga ba sai an je Turai neman ƙa'idar talla ba. Zai kuma ga cewa babban dila da ke sayar da ƙunshi mai tambarin «premier choix» alhali cikinsa tarkace ne, shi ma hukuncin ya hau kansa.

Kuɗi kafin kaya

Ko talla ya kai yadda ya kai, akwai gibin da hoto ba ya cikewa. A Vinted, dandalin ne ke riƙe kuɗin mai saye har kaya su isa, kuma yana da kwana biyu ya kai ƙara idan abin da ya karɓa ya saɓa wa bayani. A Nijar babu mai riƙe wa kowa. A cikin gari abin da sauƙi: ɗan kabu-kabu ya kai, a duba, a biya. Tsakanin garuruwa kuwa, mai saye ne ke fara aika kuɗi ta Nita, Amana, Al Izza ko Airtel Money, sannan a kai ƙunshi ofishin aike na Rimbo, STM ko wani kamfanin safa. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. In riga ba ta shiga ba, kuɗin mayar da ita zai iya kusan kai kuɗinta. Ga kuma ƴan damfara da ke kwafe hotunan wasu su buɗe shafi, su karɓi kuɗi su rufe layi, abin da ke shafa wa masu gaskiya baƙin jini.

Masu sana'ar da suka daɗe sun ƙirƙiro nasu hanyoyin. Akwai mai ɗaukar gajeren bidiyo tana naɗe kayan tana ambaton sunan mai su, ta tura tare da hoton rasiɗin tasha. Akwai mai karɓar rabi, sauran in kaya sun isa. Akwai mai yarda ɗan'uwan mai saye da ke garin ya zo ya duba da idonsa, wanda tsohon aikin dillali ne da fatoma ya dawo cikin sabuwar riga. Abin da ya rage shi ne a faɗi sharaɗin tun a cikin talla: ana canzawa ko ba a canzawa, cikin kwana nawa, wa zai biya kuɗin mota. Rigima mafi yawa tana tasowa ne daga abin da ba a faɗa ba tun farko.

Iyakar abin da waya za ta iya

Bai kamata a zuzuta wannan kasuwa fiye da girmanta ba. Masu amfani da intanet a Nijar ba su wuce mutum ɗaya cikin huɗu ba, kuma sun taru ne a birane. Manomin Dakoro ko na Tanout zai ci gaba da sayen rigar sanyinsa ranar kasuwar mako, a hannu, da tayi. Saba'in ɗin nan masu tabo da ɗari matsakaita ba za su taɓa biyan wahalar hoto huɗu-huɗu ba, tabarma ce wurinsu. Talla mai kyau kuma yana cin lokaci: wanki, guga, awo da hoto na riga talatin aikin yini ne cur, ga ɗaukewar wutar lantarki da ke hana guga da cajin waya. Wanda ke da rumfa shi kaɗai ba zai iya haɗa biyun ba sai ya ɗauki yaro, wanda hakan ma wata ƙofar aiki ce ga matasan da suka iya waya.

Ta fuskar doka, Nijar tana da dokar mu'amala ta hanyar lantarki da ta yaƙi da laifukan intanet, dukansu na 2019, an kuma yi wa ta biyun kwaskwarima a watan Yunin 2024. Amma ba wanda zai je gaban alƙali a kan rigar jika uku. Kariyar da za ta yi aiki a wannan mataki tana hannun masu sana'ar da kamfanonin da ke cin riba da su. Ƙungiyoyin ƴan bosho na kowace kasuwa za su iya daidaita ma'anar kalmomi uku ko huɗu na daraja, ta yadda «na ɗaya» a Maraɗi zai zama «na ɗaya» a Tahoua. Kamfanonin safa da na aika kuɗi, waɗanda wasunsu ma gida ɗaya ne kuma suna da ofisoshi a kusan kowane gari, su ne suka fi kowa damar buɗe tsarin biya lokacin karɓa: mai saye ya buɗe ƙunshi a gaban ma'aikaci, in ya gamsu a saki kuɗi. Cibiyar ƴan kasuwa ta ƙasa da masu horar da mata sana'o'i kuma za su iya sanya awo da ɗaukar hoto cikin darussansu, domin kayan aikin ba su wuce mitar tela da farin ƙyalle ba.

Ɗan bosho ba shi da ta cewa a kan ranar da gadar Gaya za ta buɗe, ko darajar naira, ko abin da Bafaranshe zai jefa a akwati. Ya sayi dilarsa a rufe, kuma haka zai ci gaba da saye. Abin da ke hannunsa shi ne kada ya miƙa wa mai saye irin makantar da aka miƙo masa. Sanyin bana zai wuce a watan Fabrairu, rigunan da ba su fita ba za su koma buhu su jira wata tara. Waɗanda za su fara ƙarewa su ne waɗanda mai saye a Agadas ya san faɗinsu, tsawonsu, farashinsu da inda tabonsu yake tun kafin ya tashi zuwa wurin aika kuɗi.